Ranar da Na Nome Lambun Baba Toni

Wata tara ke nan da dawowata daga Amurka, amma har yau matan zumunta ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin coci, waccan ta biyo ni har wajen mai niƙa: "Mama Saratu, wai da gaske ne ba sa gaisawa? Wai har kare yana da likitansa?" Na ba da labari har bakina ya gaji, kuma duk wadda na ba wa sai ta ƙara masa gishiri kafin ta miƙa gaba. Ranar Lahadin da ta wuce na ji wai 'yan sanda sun kama ni a New York don na yi wa wani Bature ɓarna a gona. To, ba wanda ya kama ni. Ɓarna kam na yi ta, kuma gara ku ji ta daga bakina.

Jego ne ya kai ni. 'Yata Rahila, wadda ke aikin jinya a can, ta haifi ɗanta na fari a farkon damina, ita da mijinta Bulus suka aiko mini da takardu. Amma ba da farin ciki kaɗai na hau jirgi ba. Kun san gonar inabin da marigayi maigidana, Malam Yohanna, ya bar mana a bayan gari. Shi ya fara dasa inabi a yankinmu, lokacin da mutane ke cewa karatu ya taɓa masa kai. Yana raye har daga Kaduna ake zuwa saye. Shekara huɗu da rasuwarsa gonar ta juya mana baya. Ganye ya cika, 'ya'ya manya-manya gwanin sha'awa, amma in ka sa a baki sai ruwa da tsami, rabi kuma su fashe tun suna kan reshe. Taki mun zuba, magani mun fesa, ba abin da ya canza. Ana gobe zan tafi, ɗana Dauda, wanda gonar ke hannunsa, ya zauna gabana ya ce, "Mama, na gaji. In kin dawo za mu tumɓuke ta mu sa masara." Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Amma ni a wurina ranar da aka tumɓuke inabin nan an sake binne Malam ne.

Shi ya sa na yi wata dabara tawa. Na tsinko ganye uku masu tabo, na ɗebi ƙasar gindin wani itace cikin tafin hannu, na ƙulle a hankici na cusa cikin jaka. A raina na ce mutanen da suka je duniyar wata ba za a rasa wanda zai dubi ƙasata ya gaya mini ciwonta a cikinsu ba.

Daga Abuja muka tashi, muka sauka a Turai muka canza jirgi. Abincin jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, burodi ne mai sanyi da wata shinkafa da ba ta taɓa haɗuwa da gishiri ba. Abin da ya faru a filin jirgin New York shi ne labari. Ina tsaye wajen ɗaukar kaya sai wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da riga, ya zo ya zauna gaban jakata. Na ce, "Kai, tafi can!" Ko gezau. Ashe ma'aikaci ne, yana kan aikinsa. Aka kai ni gefe, wata mata mai safar hannu ta buɗe jakar. Kuka ta wuce, busasshiyar kuɓewa ta wuce, yajin jego ta shinshina ta yi atishawa ta mayar. Kilishi ta ɗauke. Sai ta kwance hankicin.

"Wannan fa?"

Shekara talatin na yi ina koyarwa, Turanci ba ya ba ni tsoro. Na ce mata ƙasar gonar mijina ce, ba ta da lafiya, na kawo a duba.

Ta dube ni, ta dubi ƙasar. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ƙasa da ɗanyen ganye ba sa shiga, don kada su shigo musu da cuta. Ta juye su a leda, ta miƙo mini hankicina. Kilishin bai dame ni ba, amma ƙasar nan sai da na share hawaye a kanta.

Su Rahila suna zaune a Bronx, 'yar tafiya kaɗan daga Fordham Road, a saman wani tsohon gida mai hawa biyu. Titin Fordham ɗin nan, ku ɗauka kasuwar Sabon Gari ce aka miƙar da ita: masu takalma, masu waya, masu turare, kowa da harshensa. Game da gaisuwa kuwa, suna gaisawa, sai dai a guje. Kafin ki tambayi mutum gajiya ya sha kwana.

Jego a can wani abu ne daban. Ba darbejiya, ba murhu, ba tukunyar dafa ruwa. Na ce a yi wanka yadda aka saba, Rahila ta ce, "Mama, doctor ya ce shower kawai zan yi." Na ce likitan ne ya haife ki? Muka raba, ta yarda da ruwan zafi da kunu, na haƙura da ganye. A rana ta uku na ce bari in turara ɗakin mai jego. Turaren bai gama kamawa ba wani abu a silin ya ɗauki ihu, jariri ya ɗauka, ni ma na ɗauka. Sai na ji ana dukan ƙofa ana cewa da Hausa, "Ei! Wa ke ƙona gida? Mma, ka kashe wutan nan kafin fire service su zo!"

Na waiga in ga namijin da take wa magana, ashe da ni take. Hajiya Memuna ke nan, mutuniyar Kumasi, haka Hausarsu take. Ita ke kula da mai gidan da ke zaune a ƙasa, tana ba shi magani, tana dafa masa abinci. Daga ranar muka ƙulle. Ita ta koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta kai ni Harlem inda wani ɗan Nijar ya sayar mini da daddawa yana ta ce mini Hajiya, ban gyara masa ba. Ita ta fara ba ni shinkafa da waken nan nasu, ja-ja-ja da baƙin yaji. Na ce ai garau-garau ne ya je birni, ta yi kwana guda tana fushi da ni.

Mai gidan kuwa Baba Toni ne, ɗan asalin Italiya, ya haura tamanin. Tun yana saurayi ya zo, ya yi aikin gini har bayansa ya ƙi. Matarsa ta rasu, ɗansa yana wata jiha.

Daga tagar kicin na fara ganin lambunsa. Ɗan fili ne a bayan gida, bai fi tsakar gidanmu ba, da rumfar inabi da layi biyu a kan waya. Inabi, a tsakiyar New York! Daɗi ya kama ni. Da na dubi ƙasa kuma sai raina ya ɓaci. Ciyawa ce har idon sawu, wata mai ganye uku-uku da farin fure, ƙudan zuma suna ta yawo a kai. A kusurwa ga tarin shara, ɓawon kayan miya da busasshen ganye. Ga fartanya mai doguwar ƙota jingine a bango, ta yi tsatsa.

Ku da kuka san ni kun san ba na iya ganin ciyawa a gona in ci abinci ya yi mini daɗi. A wurinmu ciyawar gonar mutum ita ke faɗin halin da yake ciki: ko rago ne, ko ba shi da lafiya, ko ba shi da kowa. In kuwa tsufa ne, sai a yi masa gayya. Na tare surukina na ce, "Bulus, kana zaune a gidan dattijo, ciyawa na cinye masa lambu kana kallo?"

Ya ce, "Mama, a nan ba a taɓa kayan mutum sai an tambaye shi."

Na ce, "Taimakon ma sai an cike takarda?" Ai kowa ya san in ka tambayi dattijo ko yana son a nome masa gona, kunya za ta sa ya ce a'a. Ba a tambaya, wayar gari kawai yake ya ga an yi.

Wata safiyar Talata Memuna ta kai shi asibiti ganin likita. Na ɗaura zani, na sauka, na ɗauki fartanya. Sara na farko na ga ƙasar baƙa ce wuluk, mai taushi, ga tsutsar tana ko'ina a cikinta. Na lura da hakan, har na ce a raina ƙasa mai kyau haka aka bari ta lalace, na ci gaba. Awa uku na yi. Na nome tas, na share, na tara ciyawar a baƙaƙen ledoji, har tarin nan na kusurwa na kwashe, na jera a bakin titi inda motar shara ke ɗauka. Na wanke fartanya na mayar inda take. Na yi wanka na zauna bakin taga ina jiran godiya, har ina shirya yadda zan ce ba komai, Baba, yi wa kai ne.

Suka dawo. Ya tsaya a bakin lambun da sandarsa yana kallo. Sai ya cire hula, ya zauna a kan matakala, ya fara magana da harshensu a hankali, irin yadda ake yi a gidan rasuwa. Memuna ta ɗaga kai ta gan ni a taga.

"Mma Saratu! Me ka yi? Ciyawan nan shuka shi ya yi, da kuɗinshi ya sayi iri! Wancan tari kuma shekara biyu yana tara shi, takinshi ke nan!"

Ban san lokacin da na sauko ba. Allah ya taimake ni motar shara ba ta zo ba, ni da Memuna muka yi ta jan ledoji muna mayarwa. Takin ya dawo, amma ciyawar da aka tumɓuke ta riga ta tafi.

Kwana biyu ban leƙa taga ba. Kunya irin wannan rabona da ita tun ina amarya. A rana ta uku na tuƙa tuwo da miyar kuka, na sauka, na durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ya rikice ya ce, "Sinyora, tashi, tashi." Haka yake kirana. Ya ci loma biyu don kada in ji kunya, sannan ya ce tun da mahaifiyarsa ta rasu bai ga macen da ta iya riƙe fartanya kamar ni ba, da ma a gonar maƙiyinsa na yi. Muka yi dariya, har na samu bakin ba shi labarin gonata, da maganar Dauda, da ƙasar da aka karɓe a filin jirgi.

Ya ce ba sai ya ga ƙasar ba. Ya shiga yi mini tambayoyi kamar likita. Wane launi take? Na ce ja, ta yi tauri. In an zuba ruwa shiga yake ko gudu? Na ce gudu. Yaushe rabona da ganin tana a ciki? Na ce na kasa tunawa. Nonon inabi nawa muke bari a kowane reshe? Na ce duka mana, wa zai zubar da abin da Allah ya ba shi?

Ya ce in biyo shi. Ƙarƙashin gidan akwai ɗaki mai sanyi, da 'yar ganga ta katako da manyan kwalabe, inda yake matse inabinsa duk shekara. Memuna ta tsaya a saman matakala ta ce, "Ni magani nake ba shi. Wannan ɗaki ba ruwana." Ni ma kun sani, in ba a jibin Ubangiji ba ruwan inabi bai taɓa shiga bakina ba, kuma ban canza ba. Amma na ga ba shaye-shaye ya kira ni ba, karatu zai ba ni.

Ya ɗauko kwalba biyu ya ɗiga kaɗan-kaɗan a kofi biyu. Na farko jansa ya koɗe. Na taɓa da bakin harshe, tsami ne salam, kafin in haɗiye yawu ya ɓace. Ya ce na shekarar da aka yi masa tiyata a gadon baya ne, ɗansa ya zo ya kula da lambun. Yaron kirki, ya fesa maganin ciyawa, ya zuba takin buhu, yana ban ruwa kullum. Ba su taɓa samun inabi mai yawa kamar na shekarar ba. Na biyu kuwa ja ne har ya yi duhu, ƙamshinsa ya riga shi isowa, ya zauna a harshe ya ƙi tafiya. Na shekara uku bayan wancan ne, da ciyawar ta dawo.

"Itace ɗaya ne, Sinyora," in ji shi. "Hannu ɗaya ya matse."

Ya ce inabi in ka cika shi da taki da ruwa ganye zai yi ta yi, ganyen ya rufe 'ya'yan, iska ba ta shiga, cuta ta samu wurin zama, 'ya'yan su kumbura da ruwa. Ciyawar nan tana rage masa ƙoshi, sai ya tura saiwa ƙasa neman abinci. Tana rufe ƙasa daga rana, tana hana ruwa wanke ta, in ta mutu ta zama abincin tana. Magani kuwa ɗan garin farar wuta kawai yake barbaɗawa in damshi ya yi yawa. Ya ce wanda ke matsa ba ya iya sa wa ruwan inabi daɗin da babu shi a cikin 'ya'yan.

Yana magana, ni kuwa ba shi nake gani ba. Gonar Malam nake gani. Da damina wake yake watsawa tsakanin layuka ya bar shi ya yi ta yaɗo. Da rani ya shimfiɗe harawar a gindin itatuwa, harawar da nake so wa awakina. Kashin awaki da tokar murhu da sharar tsakar gida duk can yake kai su. Ya bi layi da wuƙa yana zubar da ɗanyun nonna, ina binsa ina faɗa. Shekara ashirin ina ce masa ya bar gona kamar ta marasa gata, mutane na wucewa suna ganinmu. Shi ba mai dogon bayani ba ne, sai ya ce, "Bar ta, Saratu, ta san abin da take yi." Bayan an yi kwana arba'in da binne shi, aikin farko da na sa Dauda shi ne ya share gonar nan tas, ya sayo takin zamani kamar kowa. A ganina gyara na yi, don kada a ce gonar marigayi ta zama kango. Ashe ba ciwo ne ya kama gonar ba, ni ce.

Na zauna a kan wani akwati na fashe da kuka. Baba Toni ya tsorata ya karɓe kofin, Memuna kuma daga sama tana cewa, "Mma Saratu, ka gani? Na faɗa maka kar ka sha!"

Sauran zamana rabi na jariri ne, rabi na lambu. Muka sake watsa irin ciyawar, ni ke sunkuyo, shi ke nuni da sanda. Da inabin ya fara juya launi ya miƙo mini almakashi ya ce a kowane reshe in yanke ɗaya in bar ɗaya. Wallahi a idona almubazzaranci ne tsagwaronsa. Na yanke, amma ban iya barinsu a ƙasa ba. Na tattara na dama wa Rahila kunu da su a maimakon tsamiya, ta sha har ta nemi ƙari. Ana saura mako biyu in taho muka tsinke. 'Ya'yan ƙanana ne, masu kaurin fata, zaƙi har ka. Layin da na fi zurfafa fartanya kuwa wasu sun fashe, duk fasasshen da Baba Toni ya gani sai ya ɗaga ya ce, "Wannan naki ne, Sinyora."

Na roƙe shi irin ciyawar in tafi da shi. Ya ce in bar wa karnukan filin jirgi hutu. Ciyawarsa ta ƙasar sanyi ce, ita da waken mijina da na ba shi labari aiki ɗaya suke yi, kuma waken ne ya san zafin ranarmu.

Na sauka gida damina na ƙarewa. Ko jaka ban kwance ba na ce a kai ni gona. Dauda yana ta murmushi a hanya, ban san dalili ba sai da muka isa. Ya sa an nome ta ƙal, an share, an ƙone sharar, ko tsinke babu. Ya ce ya san halina, ba ya so in yi mata kallon ƙarshe da ciyawa a ciki. Na tsaya a bakin gonar kamar yadda Baba Toni ya tsaya a bakin lambunsa, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Na ba shi labarin duka, har da fartanya, na ce shekara ɗaya nake roƙo. Ya ce, "Mama, mutane za su ce mun bar gonar Baba ta zama daji."

Na ce, "Haka take yana raye. Ni ce nake kiranta daji."

Bai so ba, amma ya yarda. Muka daina takin buhu, muka sayi harawa muka shimfiɗa, muka kwaso kashin awaki, muka rage ban ruwa. Ranar rage nonna ni na riƙe wuƙa, don shi ya kasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, inabin bana bai kai na Malam ba, bai kuma yi yawa ba, ƙasar da aka yi shekara huɗu ana wahalarwa ba ta warkewa a rani ɗaya. Amma fashewar ta ragu, tsamin ya ja baya. Dauda ya tsinki ɗaya ya tauna, ya sake tsinka. Da ruwan farko ya sauka ya tafi kasuwa sayen iri, na zauna ina jira in ga abin da zai sayo. Ya dawo ya sauke buhu a tsakar gida, na kwance bakinsa. Wake ne.

Yanzu ya fito, ya fara yaɗo tsakanin layuka, da 'yar ciyawa nan da can. Na san hanyar gonarmu ce hanyar kasuwarku, na kuma san halinku, don irin nawa ne. Duk wadda ta wuce ta ga gonar Malam ta yi duhu, don Allah ta riƙe fartanyarta, kada ta yi mini kirki.